C ko Go: wanne zai hau Windows da Linux ba rigima?

Ɗan'uwa, ka ce manhajar lissafin kaya da ka rubuta da harshen kwamfuta na C don shagon kawunka a babbar kasuwar Maradi tana aiki lafiya lau a Windows, amma da abokinka ya gwada haɗa ta a Ubuntu (wani nau'in Linux) ta amfani da gcc, mai juya rubutun C ya zama manhaja, sai ta ƙi. Kana tambaya ko ka gyara ta, ko ka sake rubuta ta da harshen Go.

Fara da duba saman fayil ɗinka. In ka ga conio.h ko windows.h, to ga ɓarawon nan, Linux bai san su ba. Wannan mai sauƙi ne, tunda gcc zai nuna maka. Abin da ya fi damuna shi ne mai wucewa shiru. A kwamfuta mai bit 64, long (nau'in lamba a C) na Windows bit 32 ne, na Linux kuwa 64. Ka ajiye jimillar ciniki da fwrite (umarnin rubutawa cikin fayil) a Windows, ka buɗe fayil ɗin a Linux, sai lissafi ya watse, babu mai gargaɗinka, kuma kuɗin mutane ne. Maganinsa int32_t da int64_t na stdint.h, nau'in lamba masu tsayayyen girma, suna nan tun C99, ƙa'idar C ta 1999. Haka umarnin jira: Sleep(1000) na Windows daƙiƙa ɗaya ce, sleep(1000) na Linux ya haura minti 16. Kuma a wurin Linux, Kaya.h daban, kaya.h daban.

Go, wanda Google ta fitar a 2009, ya sauke maka yawancin wannan nauyi. Kana zaune a Windows ka saita GOOS, wato tsarin da kake haɗa wa manhajar, zuwa linux, ka buga go build, fayil ɗin Linux ya fito. Gaskiya da daɗi. Sai dai da zarar ka jawo laburaren C ta cgo, hanyar da Go ke kiran C, sauƙin ya ragu. Sannan Go 1.20 ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, daga 1.21 sai Windows 10. Ka san kwamfutocin gwanjo da ke shagunanmu, don haka leƙa ta kawunka tukuna.

Ni dai shawarata, kar ka zubar da aikin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Tattara duk abin da ya shafi Windows a fayil ɗaya ƙarƙashin #ifdef _WIN32, alamar da ke sa a haɗa sashen a Windows kaɗai, kar ka barbaza shi ko'ina, ka bar CMake, kayan aikin tsara haɗa manhaja, ya kula da haɗawa. Duk gyaran da ka yi, tura wa abokin nan naka ya haɗa a Ubuntu a ranar. Manhaja ta gaba, in kwamfutocin sun kai Windows 10, ka fara ta da Go.