Marilyn ta Warhol: bugun asali ko fosta?

A 1967 mai zane ɗan Amurka Andy Warhol ya buga fuskar tauraruwar fim Marilyn Monroe kala goma, kowace kala kwafi 250. Yau fuskar tana kasuwa iri biyu: waɗancan na asali, da fostar da inji ke fitarwa ba adadi.

Daga nesa kamar ɗaya suke. Wajen kuɗi kuwa, sama da ƙasa ne. Mai sayen bugun asali sa hannun Warhol yake biya, da lambar kwafin, da takardun da ke nuna hannayen da hoton ya bi. Rana ta kashe launinsa, ko a datse gefen takardar, farashi ya zube. Fosta kuwa, da an manna ta a bango zancen kuɗi ya ƙare.

Abin dariyar shi ne, Warhol masana'anta ya kira ɗakin aikinsa, yana zana gwangwanin miya yana maimaita fuskokin taurari kamar haja. In ma'ana ake nema, a ganina fostar ta fi kusa da abin da yake faɗa. Sai dai tawadar asali mai kauri, wadda aka matso ta cikin ƙyallen siliki, tana da hasken da inji bai iya kwaikwaya ba.