Makullin bugu ko ƙugiya da sandar matsi: wanne ya dace da tsohon kwaɗo?

Ɗan'uwa, ajiye makullin bugun nan, wanda ake zurawa a kwaɗo a buga masa ƙeya don ya buɗe, ka nemi ƙugiya, wato siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da ake ɗaga filolin cikin kwaɗo da shi, da sandar matsi da ake ɗan murɗa cikin kwaɗon da ita. Ka ce kana ta bugun tsohon kwaɗonka ya ƙi buɗuwa, har kana tunanin ƙara sayo wasu makullan bugun. Kada ka ƙara ko sisi a kansu. Ina da kayan biyu a akwatina, kuma ƙugiyar ce kullum hannuna yake zuwa kanta.

Fara duba irin kwaɗon tukuna. Bugu yana aiki ne kawai a kan kwaɗo mai 'yan filolin tagulla a ciki, irin tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865, wanda makullinsa ke da haƙora hawa da sauka a gefe guda. Tsofaffin kwaɗuna da yawa ba haka cikinsu yake ba. In makullin asali mai yanka murabba'i ne a gefe biyu, ko kuwa mai rami ne a tsakiya da ɗan fiffike a baki, to babu filin da za ka buga. Haka ma irin na Abloy na ƙasar Finland, wanda Emil Henriksson ya ƙirƙiro a 1907, fayafayai ne a cikinsa masu juyawa, ba sifirin da ke danna su. Irin waɗannan ko kwana ka yi kana bugu, hannunka kawai zai yi ciwo.

To a ce naka mai fil ne. A kowane rami akwai fil biyu, ɗaya a kan ɗaya, da sifirin yana danne su. Idan ka bugi makullin, na ƙasa yana miƙa wa na sama ƙarfin bugun, kamar yadda farar ƙwallon sinuka ke tsayawa cak wadda ta buga ta wuce. Na saman ya yi tsalle, a sami 'yar tazara ta ƙiftawar ido, a cikinta ne zuciyar kwaɗon, wato ɓangaren da makulli ke shiga ya murɗa, za ta juya. Duk dabarar ta dogara ne ga fil ya motsa ba abin da ya riƙe shi. Shi kuwa kwaɗon da ya sha shekaru a ƙofa, ya sha ƙurar hunturu da ruwan damina, ga baƙin man da wani ya taɓa ɗura masa ya daskare ya zama danƙo, filolinsa ba sa tsalle, sai dai su ja jiki. Sifirin ya gaji ko ya yi tsatsa. Tagullar ta cinye, komai ya yi sako-sako, sai ƙarfin bugun ya watse a banza. Mutanen TOOOL, ƙungiyar masu sha'awar buɗe kwaɗuna ta Holan, da suka fito da maganar bugu fili a 2005 ta rubutun Barry Wels da Rop Gonggrijp, sun lura cewa kwaɗon da aka ƙera shi tsaf ya fi saurin miƙa wuya ga bugu a kan wanda aka yi masa aikin gaggawa. Ka ga tsohon kwaɗo shi ne mafi wuyar abin da sabon shiga zai fara da shi.

Ƙari a kan haka, kwaɗo ba kamar makullin da ke kafe a jikin ƙofa ba ne. A tafin hannunka yake, ka buga ya ja da baya tare da hannun. Sannan da yawansu akwai wani sifirin a ciki da ke mayar da zuciyar baya, sai ya sa mutum ya riƙa murɗawa da ƙarfi, filolin su maƙale tun kafin bugun ya iso gare su.

Ban hana makullin bugu nasa ba: in ya dace da bakin kwaɗon, kuma kwaɗon mai tsabta ne, yana buɗewa da sauri. Iyakarsa ke nan. Wanda na saya yana nan a ƙasan akwati, abin da ya bar mini shi ne kwaɗo mai lotsattsen baki. Ko ya buɗe ba ka san me ya sa ba, in ya ƙi ma ba ka sani ba. Kuma kowane irin baki da nasa makullin, sai ka tara tuli.

Ƙugiya daban take. Akwai wani akwatin ƙarfe na marigayiya kakarmu da makullinsa ya ɓace tun da daɗewa, mahaifiyarmu ta ce kada wanda ya kuskura ya sa masa guduma. Ta ba ni izini na gwada. Na ɗiga wa kwaɗon kananzir, na bar shi ya jiƙa, na girgiza shi wani baƙin ruwa ya zubo, sannan na bar shi ya bushe. Na sa sandar matsi a ƙasan baki, yatsa ɗaya a kanta ba nauyi, na zura ƙugiya ina taɓa filolin ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna lotsawa su dawo da laushi, ɗaya kuwa ya cije. Shi na ɗaga a hankali, sai na ji ɗan ƙas a yatsana, sandar ta ɗan gusa kaɗan. Sai wani ya karɓi cijewar. Haka har na ƙarshe, zuciyar ta juya, kwaɗon ya saki. Hajiya ta daɗe zaune tana jujjuya zannuwan saƙi da tasoshin da ke ciki, kwaɗon kuma ko ƙwarzane bai samu ba. Mai yankan makulli ya yi masa sabon ɗa, har yau yana aiki.

Abin da ya sa ƙugiya ta fi dacewa da tsohon kwaɗo shi ne, sako-sakon nan da ke kashe bugu ita taimakonta yake yi. Tunda ramukan ba su daidaita sosai ba, filolin suna cijewa ɗaya-ɗaya a sarari, hannunka ya ji kowanne. Filin da ya yi nauyi saboda datti, kai ne kake tura shi da kanka, ba jiran tsallensa kake ba. Ƙugiya ɗaya kuma tana shiga kwaɗuna iri-iri. Tana son haƙuri, gaskiya ne, kuma farkon farawa ba abin da za ka ji sai ƙarfe yana gogar ƙarfe. Matsi shi ne sirrin; kusan duk sabon shiga yawa yake yi masa. Bayan wanki kada ka sa man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura suke tarawa. Garin bakin fensir ya ishe ka.

Wata magana kuma ko ba ka tambaya ba. Ka kiyayi masu talla a Facebook da TikTok da ke cewa suna da makulli guda mai buɗe kowane kwaɗo. Babu shi. Bidiyon da suke nunawa, sau da yawa an zare wa kwaɗon wasu filoli tun kafin a kunna kyamara. Wasu su ce turo kuɗi tukuna, kana turawa lambar ta daina shiga. Wasu su cika jaka da ƙarafa barkatai masu ƙyalli, ka matsa ɗaya ya lanƙwashe kamar gwangwani. Lanƙwasa ƙugiyar kaɗan a gaban mai sayarwa: ta kirki tana komawa yadda take.

Ka riƙe ƙa'idar masu wannan sha'awa: kwaɗonka kawai, ko wanda mai shi ya ba ka izini, kuma ban da wanda kake dogaro da shi a ƙofar ɗaki ko shago, don yakan lalace. Kayan su zauna a gida. 'Yan sintiri in sun same su a aljihunka da dare ba za su tsaya jin bayani ba.

Sayi gajeriyar ƙugiya ɗaya da sandar matsi biyu, siririya da mai kauri. In kuɗi sun yi kaɗan, siririn ƙarfen da ke cikin tsohuwar waifar mota da magagari sun isa ka ƙera su. Haɗa da sabon ƙaramin kwaɗo mai fil, irin Master Lock lamba 3 mai fil huɗu ko Tri-Circle na kasuwa, ka koya a kansa har hannunka ya gane cijewar fil, sannan ka wanke tsohon ka koma masa.