Jadawalin BGN/PCGN a hannun mai adana iri: inda yake aiki da inda yake gazawa

Duk mai musayar irin tumatir na Rasha ya san wannan ciwon kai: fakiti uku, suna uku, ka ba kowanne kunyarsa, su fito abu guda. Ɗaya an rubuta masa Chernyi Prints, ɗaya Chornyj Princ, na uku Black Prince, alhali dukansu Чёрный принц ne. An yi asarar fili da ruwa da kakar noma guda. Abin da ya fi haka muni shi ne iri biyu daban su shiga rumbu da suna ɗaya.

Maganin da ya fi sauƙin samu shi ne jadawalin da ake kira BGN/PCGN, na hukumomin sunayen wurare na Amurka da Birtaniya. Amurka ta karɓe shi a 1944, Birtaniya a 1947. Domin taswira aka yi shi, ba domin lambu ba, kuma kyauta ake samunsa a intanet. Aikinsa ɗaya ne: ya nuna da wane harafin boko za a rubuta kowanne daga cikin haruffan Rashanci 33. Hukuncina a kansa shi ne, a cikin tsare-tsaren da ake da su babu wanda ya fi shi dacewa da mai rubuta suna a bayan ambulan, amma sai an yi masa gyara biyu, kuma kada a taɓa barinsa shi kaɗai ba tare da asalin rubutun ba.

Ƙarfinsa yana ga sauƙin bugawa. Harafin ж ya zama zh, х ya zama kh, ц ya zama ts, ч ya zama ch, ш ya zama sh, щ ya zama shch, ю da я kuma yu da ya. Duk suna kan allon kowace waya. Малахитовая шкатулка ta fito Malakhitovaya shkatulka, Хурма ta fito Khurma, kuma mai jin Turanci zai furta su kusa da daidai. Tsarin ISO 9 na 1995 ya fi shi tsantseni, domin harafi ɗaya yake ba kowane harafi, har ana iya komawa asali ba kuskure, sai dai cike yake da alamomi a kan haruffa irin su ž da č da ŝ da â. Da zarar wani ya kwafa da hannu ya zubar da alamomin, č ta koma c, suna ya lalace. Tsarin ALA-LC na ɗakunan karatu ma haka: idan aka cire masa alamomi, я takan zama ia, й ta zama i. Daga nan ne irin su Chernyi suke fitowa. Inda kuma ka ga tsch da w da j sun yi yawa, to fakitin ya bi ta hannun masu jin Jamusanci.

Akwai ƙa'ida guda da masu fara amfani da shi suke yawan tsallakewa. Harafin е ana rubuta shi ye a farkon kalma, da bayan wasali, da bayan й ko ь ko ъ. A sauran wurare e ne kawai. Shi ya sa Серебристая ель take zama Serebristaya yel', ba el ba.

Yanzu ga gazawarsa, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Ta farko ita ce y. Jadawalin ya ɗora wa wannan harafi aiki biyu, ы da й, saboda haka ƙarshen sifa ta namiji yakan fito yy, kamar a Belyy naliv ko Orlinyy klyuv. Ido ba ya son sa, mutane sai su yanke ɗaya, wasu su mayar da shi yi ko iy. To amma iy tana da nata wurin, ita ce ий, kamar a Sibirskiy skorospelyy, inda ƙarshen biyu suka zo a jere. A bar yy yadda take, komai rashin kyanta. Kuma kada a "gyara" ƙarshen suna don ya yi kama da na wani. Rashanci yana bambanta namiji da tamata a sifa kamar yadda muke cewa baƙi da baƙa: tumatir namiji ne a wurinsu, karas tamata, shi ya sa ake da karas Nantskaya 4 da ƙarshen "-aya".

Ta biyu ita ce ё. Jadawalin ya ce a rubuta ë ko yë, amma masu buga fakiti a Rasha su kansu sukan bar ɗigon biyu, su rubuta Черный. Sakamakon haka wani ya rubuta Chërnyy, wani Chernyy, wani ya bi kunne ya rubuta Chornyy ko Chyornyy. A jerin haruffa na kwamfuta waɗannan ba za su zauna wuri ɗaya ba. Gyara na farko ke nan: a tsaya a kan e maras ɗigo.

Ta uku ita ce ɗan waƙafin sama da ake sa wa ь. Dokar ƙasa da ƙasa ta sunayen shuke-shuken noma ta ce a sa sunan iri tsakanin irin wannan alama guda-guda, don haka suna kamar Pol' Robson yakan rikice da alamomi uku. Ga shi kuma wata na'ura tana buga miƙaƙƙe, wata lanƙwasasshe, bincike ya kasa haɗa su. Gyara na biyu: a zubar da shi gaba ɗaya.

Sauran matsalolin sun fi ƙarfin kowane jadawali. Pol Robson ɗin nan sunan mawaƙin Amurka Paul Robeson ne, sunan ya je Rasha ya dawo da wata riga, kuma jadawali ba zai gaya maka haka ba. Japanese Black Trifele kuwa tumatir ne da aka samo daga Rasha, kalmar ƙarshe gurɓataccen трюфель ce, wadda daidai rubutunta tryufel ne. Ba a kuma amfani da jadawalin Rashanci ga sunan Yukren ko Bulgeriya: г a Yukren h ce, щ a Bulgeriya sht ce.

Fassara ta fi duk waɗannan haɗari, kuma dokar da aka ambata ba ta yarda da fassarar sunan iri a matsayin suna ba. Бычье сердце zuciyar bijimi ce, Воловье сердце zuciyar takarkari, iri biyu ne daban a Rasha, amma a Turanci kowanne ana iya kiransa Oxheart, kalmar da kuma ake kiran duk tumatir mai siffar zuciya da ita. Bychye serdtse da Volovye serdtse ba za su taɓa haɗewa ba.

A kan ambulan da cikin littafin rumbu, a ware layi biyar: asalin rubutun Rashanci kamar yadda yake a fakiti, sai rubutun BGN/PCGN da gyaran nan biyu, sai ma'anar sunan, sai duk sauran rubuce-rubucen da aka gani, sai inda aka samo irin da shekarar. A ɗauki hoton fakitin kafin a yage shi, domin haruffan Rashanci na kwance suna yaudara: т takan yi kama da m, и ta yi kama da u. Lambar da ke bayan suna ɓangaren suna ce, ba ado ba: Belyy naliv 241, kabeji Slava 1305, kokwamba Muromskiy 36. Haka ma F1, alamar irin haɗi. Idan ta faɗi a wajen kwafa, wani zai adana irin haɗi a zaton tsohon iri ne, 'ya'yan kuma su fito kowanne da kamarsa a shekara ta gaba.