Batirin zuciyata da abin da na gani a Faransa

Yaya, ina gaisuwa, ya mutanen Birni da Zango? Kin ce in daina ɓoye-ɓoye, to ga zancen. Jirin nan da nake faɗuwa da shi ashe zuciyata ce ke jinkirin bugawa. Sun sa mini ƴar na'ura mai batir, mai aika wa zuciya ɗan lantarki don ta buga, ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, da siririyar waya har cikin zuciya.

Abin da ya kashe mini baki ya faru wata uku bayan aikin. Lokotoro ta aza wani faifai a ƙirjina, ta dubi kwamfuta, ta ce a makonnin farko zuciyar ta buƙaci ƙarin wuta saboda kumburin inda bakin wayar ya kama, kuma na'urar ta ƙara da kanta, daga baya ta rage. Ni ko ina ta barcina! Wai in na'urar ta aika ɗan lantarki sai ta saurara ta ji ko zuciya ta amsa. In shiru, nan take ta sake aikawa da ƙarfi, kamar yadda Inna ke tashinmu asuba: taɓi tukuna, in an ƙi motsi a girgiza. Lokaci-lokaci kuma tana gwada mafi ƙarancin wutar da ke isa, ta ɗora kaɗan a kai, don kada batir ya ƙare a banza. Shi ya sa yake kai wajen shekara 10. Magani ma, ko canjin gishirin jini, kan sauya abin da zuciya ke buƙata. Tun 1958 aka fara dasa irin wannan na'ura a Suwidin, mutumin farko, Arne Larsson, ya rayu har 2001.

Kada ki ɗauka Faransa aljanna ce. Kafin ka ga likitan zuciya sai ka yi watanni kana jiran rana, takardu kamar za ka sayi gida. Na kwana asibiti ba mai leƙowa da ko kunu, ranar na yi kewar Damagaram har hawaye.

Amma mu ma da halinmu. Tsoho ya yanke jiki ya faɗi, a ce iska ce, a kawo turare, a sayo ƙwaya a tebur. Ba mai ƙirga bugun hannunsa. Don Allah wannan jirin na Baffa, ku kai shi a auna zuciyarsa, ko da sai an je Yamai. Kuɗin mota na kaina.