Neman cuku a Liyon: wasiƙa zuwa Damagaram

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Inna da dukan mutanen Birni. Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa, wai Faransa ita ce uwar cuku a duniya, da kuma ko na samu wanda ya maye mini gurbin namu. Ta farko e, ta biyu a'a. Amma maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Mu a Damagaram in aka ce cukun Turawa, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ɗan kwalin nan mai hoton jar saniya tana dariya, La Vache qui rit, da ake shafa wa burodi. A ƙasar nan aka fara yin sa, a 1921, a yankin Jura. Sai dai a wurinsu wannan na yara ne da na guzuri, cuku ne da aka narkar aka haɗa da madara don ya jure tafiya da zafi, dalilin da ya sa ya iso har kantunanmu ke nan. Wanda suke alfahari da shi daban yake. Akwai iri sama da 40 da doka ta kare sunansu, ba wanda ya isa ya yi su a wani gari ya laƙaba musu sunan. A jikin takardar za ka ga haruffa uku, AOP, shaidar cewa a yankinsa aka tatsi nonon, a nan aka yi shi, a nan ya tsufa.

A manyan kantuna akwai layi guda na firiji da ba komai a ciki sai cuku, yankakke a leda, mai sauƙin kuɗi. Ba laifi, amma mai kyau yana kasuwar safe da shagunan da ba su da wata sana'a sai wannan. Ni a nan Liyon kasuwar unguwar Kurwa Rus nake zuwa, a kan tudu, wadda ke ci kowace safiya ban da Litinin. Akwai wani dattijo da nake saye a wurinsa. In ka ce Comté kake so, ba ya ɗaukar wuƙa sai ya tambaye ka na wata nawa, 12 ko 18 ko 24. Ya shafto ɗan siriri a bakin wuƙa ya miƙo maka ka ɗanɗana. In ya yi maka, ya ɗora wuƙar a kan curin ya dube ka, kai ne za ka ce ya matsa gaba ko ya dawo baya. Ya auna, ya naɗe a takarda, farashin kilo na rubuce a allo. Ba tayi, ba albarka, ba gyara. Wannan rashin cinikin yana sa ni kewar kasuwar Dole, inda sai an gaisa, an tambayi gida da dabbobi, sannan a ja farashi har mai cuku ta ɗora maka ɓalli guda ta ce na yara ne. Amma rubutun da ke jikin kayansu ya burge ni ƙwarai: nonon wace dabba ce, ɗanye ne ko an dafa, daga wane gari, har zuwa wace rana za a ci. Mu ido da hanci da amana kawai muke saye da su.

Comté ɗin nan shi na fi ci, kuma shi na fi so in yi maka bayaninsa, don ba ɗanɗanon kaɗai ya kama ni ba. Curi guda faifai ne mai kauri da ke kai kilo 40, kuma sai an haɗa nono wajen lita 400 kafin a same shi. Ka ga makiyayi ɗaya ba zai iya a rana guda ba. Tun zamanin da, mutanen ƙauyukan duwatsun Jura ke tara nonon shanunsu wuri guda a yi curi ɗaya, har abin ya zama ƙungiyoyin makiyaya masu ɗakin yin cuku nasu na kansu. Doka ta kare sunan a 1958. Ƙa'idojin da tsauri: shanu iri biyu kawai aka yarda da su, mafi yawa wadda ake kira Montbéliarde, ciyawa ɗanya ko busasshiya za su ci, ban da wadda aka rufe ta yi tsami, nonon ba a dafa shi, kuma ba ya wuce awa 24 ba a sarrafa shi ba. Daga nan curin ya shiga ɗakin ajiya mai sanyi aƙalla wata 4, ana juya shi ana goge shi da gishiri. Wasu ɗakunan tsofaffin ganuwoyin soja ne da aka mayar rumbun cuku. Kafin ya fita kasuwa masu ɗanɗano su ba shi maki cikin 20, wanda ya haura 14 a ɗaura masa koren ƙyalle, wanda bai kai 12 ba a hana shi sunan gaba ɗaya. Na wata 24 in ka tauna za ka ji ƴan ƙwayoyi na ƙaras-ƙaras a haƙori, ga wani gardi mai kama da na soyayyar gyaɗa. Kilo yakan kama daga yuro 20 zuwa sama a wurin dattijon, wato jaka 13 da wani abu a kuɗinmu, tunda yuro guda sefa 655 ne da ɗoriya. Saboda haka ɗan yanki nake saye, ba kullum ba.

Masu laushi kuwa, irin Camembert da Saint-Marcellin da mutanen Liyon ke ƙauna, suna da farar fata a bayansu da wari mai ƙarfi in sun nuna. Roquefort na nonon tumaki ne, cikinsa da zanen shuɗin fumfuna da gangan ake sa masa, a kogunan dutse yake tsufa a kudancin ƙasar, kuma shi ne na farko da doka ta kare sunansa, tun 1925. Na san aiki ne na gwanaye, ina girmama shi. Amma wanda ya tashi yana ganin fumfuna alamar lalacewa ce, harshensa ba ya saurin yarda, kuma ban matsa wa nawa ba.

Akwai batun da na san Inna za ta fara tambaya, wato halacci. Yawancin cukun gargajiya a nan da ruwan tumbin ɗan maraƙi mai shan nono ake daskarar da shi, kamar yadda matan Buzaye da Fulani ke yi da na ɗan akuya ko ɗan rago. Bambancin shi ne namu Musulmi ne ya yanka. Malamai sun yi saɓani tun da daɗewa a kan wanda aka ciro daga dabbar da ba a yi wa yankan shari'a ba, wasu sun halatta wasu sun hana, don haka ƴan uwa a nan kowa da fatawar da ya bi. Wanda ke son kauce wa shakka yana duba takarda, don akwai waɗanda ake daskararwa da sinadarin da ba na dabba ba, kuma suna rubutawa. Wanda ya kamata a kauce masa shi ne irin Époisses, da ake wanke bayansa da barasa yayin da yake tsufa. Mai saye ya tambaya, suna faɗin gaskiya ba tare da ɓata rai ba.

Yanzu ga ainihin abin da na yi ta nema. Cukunmu falle ne siriri, busasshe, da zanen ƴar tabarmar da aka shanya shi a kai kwance a jikinsa. Ba ya son firiji, ba ya tsoron bazara, matafiyi ya jefa shi a jaka daga Tanut har Agadas bai canza ba. Ba a cika sa masa gishiri ba, shi ya sa yake tafiya da zaƙi: a gutsura da dabino, a tsoma a shayi na biyu, ko a daka shi da gero a dama. Na nan kusan dukansu da gishiri, kuma da burodi suke ci bayan abinci. Nan ne hanyoyinmu suka rabu.

Mafi kusa da na samu ƴan ƙananan cukun akuya ne, rigotte na Condrieu da ake yi kudu da Liyon kaɗan, da picodon na yankunan Drom da Ardesh. In an bar su sun bushe sosai sukan yi tauri har sai an fasa, kuma ƙamshin akuyar nan yana fitowa. Na roƙi dattijon ya riƙa ajiye mini waɗanda suka fi bushewa, ya kuwa riƙe alkawari. Parmigiano na Italiya, da ke tsufa aƙalla wata 12, yana dakuwa a turmi, amma na gwada shi a fura gishirin ya rinjayi geron. A unguwar Giyotiyar, inda kantunan Larabawa da Turkawa da ƴan Afirka suke, na ga ƙwallayen busasshen nono na mutanen Afganistan da ake kira kurut. Da ganinsu zuciyata ta buga, don dabarar ɗaya ce da tamu, makiyayi ne ke adana nonon damina saboda rani. Sai dai daga kindirmo ake yin su, tsami da gishiri sun yi yawa. Halloumi na Kubrus kuma ana soya shi bai narke ba, yana tuna mini wagashin Fulanin Benin da ake daskararwa da tumfafiya, yana daɗi a miya, amma wani abu ne daban.

Ka ce za ka ba wani mai zuwa ya riƙo mini. Don Allah kada ka yi. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan nono a jakarsa daga ƙasashen waje irin tamu, saboda cututtukan dabbobi. Cuku da kilishi duk sun shiga ciki. In ƴan duwan suka gani a filin jirgi ƙwacewa za su yi su lalata, wani lokaci har da tara, kuma bai kamata a jefa bawan Allah cikin wannan saboda kwaɗayina ba. Gero da yaji da kuka ina samu a Giyotiyar.

Na gwada yi da kaina. Ana sayar da ɗanyen nonon akuya a wasu gonaki, sinadarin daskararwa kuma har a kantin magani akwai shi a ƴar kwalba. Nonon ya kama da kyau, na shimfiɗa shi siriri a kan tabarmar kara. Abin da ƙasar nan ba ta da shi sai a tsakiyar bazararsu shi ne rana mai zafi da busasshiyar iska. Da sanyi ɗaki na da laima, fallen ya yi fumfuna kafin ya bushe. A watan Yuli ne ya fito kusa da na gida, na dama fura da shi na kira ƴan Nijar da ke kusa muka sha.

Abin da ke ci mini rai, Yaya, ba rashin cukun a bakina ba ne. Duk sanda na ga koren ƙyallen nan a jikin Comté sai in tuna matan Damargu da Belbeji. Da damina nono ya yi yawa a ruga har a rasa yadda za a yi da shi, ba hanya ba sanyi, alhali a cikin gari garin madarar da aka shigo da ita daga Turai ake damawa. Matar da ta tatsa, ta daskarar, ta shanya, ta kore ƙuda, ita ce ke samun mafi ƙanƙanta, ɗan kasuwa ya kwashe a buhu, ƙura ta hau, ba wanda ya san daga wace ruga ya fito. Makiyayan Jura ba su fi namu sanin dabba ba. Sun haɗa kai ne, suka yarda da ƙa'ida ɗaya, suka sa hannu a farashin nononsu. Mu ba ma buƙatar kogo ko firiji, rana ta riga ta yi mana wannan aikin. Ragar da za ta kare shanya daga ƙuda, ruwa mai tsabta, leda mai rubutun gari da ranar yi, da ƙungiyar da za ta sayar da murya ɗaya, waɗannan ba su fi ƙarfin Damagaram ba. Kai da ke hulɗa da masu kiwo, ka kai musu wannan maganar in kun haɗu ranar Alhamis a kasuwa.

Sannan ina da roƙo. In Gwaggo ta zo daga ƙauye, ka ɗauki bidiyonta tana yi tun daga tatsa har shanya, musamman yadda take jiƙa tumbin da kaurin da take ba fallen, ka turo mini kafin zafin Liyon ya wuce. Dattijon kasuwa ma ya ce yana son gani, don na nuna masa hoton cukunmu ya daɗe yana tambaya a kan tabarmar. A gaida Inna da kyau, a ce mata ina cin abinci, a gaida yara da maƙwabta. Allah ya ba da damina mai albarka.