Gidan kallon layinmu da gasar Olamfik: abin da ya haɗa ni da su

Shekara shida ina kallon ƙwallo a wani gidan kallo da ke layinmu a Tudun Wada, ban taɓa yin ƙorafi ba sai lokacin Olamfik ɗin Paris na 2024. Har yau abin na ci mini rai.

Ranar Lahadi 4 ga Agusta 'yan matanmu na ƙwallon kwando, D'Tigress, suka kara da Kanada. Na shiga da rana na tarar da talabijin uku, dukkansu maimaicin wasannin sada zumunta na kulob-kulob ɗin Turai ake nunawa. Maimaici fa! Na ce wa mai gidan ya saka mini Olamfik. Ya kalle ni ya ce, "Haba Baba, wa zai biya kuɗinsa ya kalli mata suna jefa ƙwallo a raga?" Amma dai ya yi mini kara, ya juya ƙaramar talabijin ta lungu, wadda fankar wajen ta daɗe da mutuwa. Ni kaɗai a benci ina gumi.

Bayan hutun rabin lokaci Ezinne Kalu da 'yan uwanta suka fara zura ƙwallo babu ƙaƙƙautawa. Ihun da na yi ne ya jawo yara biyu, sai biyar, kafin ka ce kwabo benci ya cika, har masu tsayuwa. Waɗanda ba su san maki nawa ake ba jifa ɗaya ba su ne suka fi kowa tsalle. Mai gidan da kansa ya mayar da wasan babbar talabijin. A lokacin na ce a raina, wallahi yaron nan ɗan albarka ne.

Ana cikin kwata na ƙarshe aka ɗauke wuta. Aka ja janareta, babu mai. Wai shi bai sayi mai ba saboda Firimiya ba ta dawo ba, ba zai ƙona kuɗinsa a kan Olamfik ba. To kuɗin da ya karɓa a hannuna na mene ne? A wayar wani yaro muka ga an tashi 79 da 70, karon farko da wata tawagar ƙwallon kwando daga Afirka, maza ko mata, ta kai zagayen kwata fainal a Olamfik. Mu kuma muna zaune a duhu.

Abin da ya fi ba ni haushi, a Kaduna ake wannan. A 1996 da muka doke Brazil 4-3, muka ci Ajantina 3-2 a ƙwallon ƙafar Olamfik ɗin Atlanta, 'yan garin nan ne a tawagar: Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Babayaro. A tsakar gida muka kwana gaban talabijin ɗaya, rabin unguwa. Yanzu in ba rigar kulob aka gani ba, babu mai ɗaga kai. Ko da yake ban ga laifin yaran sosai ba. Maza ba su samu gurbin ƙwallon ƙafa a Paris ba, kuma ko lambar tagulla ɗaya ba mu dawo da ita ba.

In Firimiya kake so, je ka, hoto garau, sauti lafiya. Ni ma na koma, ƙarya ba kyau. Amma kuɗin ranar nan bai mayar mini ba, kuma duk sanda na tuna masa sai ya yi dariya ya ce, "Baba, sai Los Angeles 2028."