Auta, kada ka jefar da tsohuwar Dell ɗin nan

Auta, ina gaishe ka, ka gaida Inna da mutan gida. Na ga saƙonka cewa kwamfutar da na bar maka ta ƙi ganin Wi-Fi a Samaru. Abin da ya same ni ke nan da 'yar'uwarta watan da na sauka a Manchesta.

Mai gidan da nake haya ya saita intanet ɗinsa a kan zangon 5GHz kawai, shi kuwa katin Wi-Fi da ke cikin irin waɗannan tsofaffin 2.4GHz kaɗai yake ji. Wayata na gani, ita ko sunan ba ta nunawa. Na kai ta wani shagon gyara. Tun kafin a taɓa ta aka ce kuɗin dubawa fam 40, in bar ta kwana biyar. Saurayin ya juya ta, ya ga tambarin Windows 7, ya ce gara in sayi sabuwa. Wallahi raina ya ɓaci, don da ita na rubuta furojet ɗina a ABU.

Nan take na tuna yaran PZ, masu gyara a Zariya. A gabanka zai kifa ta a benci, ya tara kusoshin a murfin kwalba, ya zaro kati daga wata matacciya ya dasa, ya maƙala masa siraran wayoyin eriya guda biyu, sai ta kama kake biya. Irin wannan hannun tsada yake a nan, kuma ba kowa ke son wahalar ba.

Ta fannin kaya kuwa, gaskiya mutanen nan sun fi mu. Na yi odar 'yar adaftar USB mai kama 5GHz, ba ta kai ɗan yatsa ba, fam 9, washegari aka jefo ta ta ramin wasiƙa. Dokar nan ta ba ka kwana 14 ka fasa abin da ka saya ta intanet. Mu kuwa ka san maganar: kaya in ya fita ba ya dawowa.

Sai dai ban huta ba tukuna. Direban adaftar, wato manhajar da ke sa ta aiki, na kan ƙaramin faifai, wurin faifan kuma ya daɗe da mutuwa, ga shi ba intanet ɗin da zan sauke shi. Sai na jona waya da kebul, na kunna USB tethering don kwamfutar ta sha intanet ɗin wayar, na duba Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke jikinta, na ga cif ɗin adaftar na kamfanin Realtek ne, na sauko da nasa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, don haka duba kwalin adaftar ka tabbata an rubuta Windows 7 a kai.

Kafin ka kashe ko sisi, laluba ɗan makunnin Wi-Fi da ke gefen kwamfutar, jaka takan ture shi. In hotspot ɗin waya kake sha, mayar da shi 2.4GHz. In duk ta ƙi, ɗauke ta ka je PZ a gwada adaftar a jikinta kana kallo. Na sayi ta biyu na ajiye maka, zan ba wani mai zuwa gida da Sallah.